Gwangwanin Dela da na Alhusaini

Idan ka shiga kasuwar Keita ta wajen 'yan albasa, za ka tarar da wata doguwar mata zaune a kan buhu, gabanta tulin gabu, wato ganyen albasa da aka daka aka dunƙula aka shanya don miya. Dela ke nan. Kada ka cika mata fara'a wajen gaisuwa, don za ta ɗauka wani abu kake nema. In ka yaba gabun, sai ta dube ka sama da ƙasa ta tambaye ka wa ya aiko ka. In ka kushe, ta ce ai tun daga nesa ta gane ka. A duk tsaunukan Adar da wuya a sami mai zargi irin nata, kuma abin haushin shi ne, sau da yawa zargin nata yakan fito gaskiya.

A wani ƙauye aka haife ta gabas da Keita, a kan tudu mai duwatsu, bayan maza uku. Tana budurwa furoje ya zo, wannan babban aikin raya ƙasa da aka yi ta jera duwatsu a gangare don tare ruwa, ana dasa itatuwa. Maza sun tafi bida, wato neman kuɗi a ƙasashen waje, saboda haka mata ne suka ɗauki dutse a ka, ana sallamarsu da abinci. Ranar da aka fara raba kifin gwangwani kowa ya buɗe nasa nan take. Dela ta ɗaure nata a gefen zane ta kai gida, ta zauna tana kallon ƙawayenta. Sai da ta ga sun ci sun kwana lafiya, sun sake ci sun sake kwana, sannan ta buɗe. Uwarta ta ce wannan yarinya ko nonon da ta sha sai da ta shinshina.

Mijinta na fari, Hassan, ɗan bida ne shi ma. Yakan tafi bayan girbi, ya dawo da saukar ruwan farko. Sun haifi 'ya'ya biyu tun auren yana sabo. Wata shekara ya dawo a rame, yana tari, jikinsa duk ƙuraje. Danginsa suka ce sammu ne, aka shiga shan rubutu da turare. Dela kuwa ta lura abokin tafiyarsa da irin wannan rama ya mutu, kuma matar abokin ta fara bushewa. Ran kasuwa ta ɗauki kwandon gabu kamar kullum, ta zarce likita, kamar yadda ake kiran ɗakin shan magani a nan, ta miƙa hannu ta ce a duba mata jini. Aka ce sida ce, wato ƙanjamau. Ta dawo ta yi ta fama da Hassan ya je, ya ƙi, ya ce zarginta ya kai har kansa. Kafin damina ta fita aka kai shi kushewa. Ita kuwa aka ɗora ta kan magani, ƙwaya guda bayan sallar isha, ta murmure, ta aurar da 'ya'yanta lafiya lau. Daga nan ba wanda ya isa ya ce mata zargi ba kyau. Takan ce da ta bi ta mutane da tuni ciyawa ta tsiro a kanta.

A kan bencin likita ta haɗu da Alhusaini, ranar karɓar magani. Dattijo ne siriri mai sanyin magana, ɗan wani zango na arewa da Keita, cikin mutanen da kakanninsu suka zauna ƙarƙashin Abzinawa kafin su kama noma. Ya yi fiye da rabin rayuwarsa a Abijan yana sayar da garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, a wata rumfa kusa da tasha. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, 'ya'yan sun watse bida, ya dawo gida ya kama lambun albasa a fadama. Ba shi da kowa kusa sai ƙanwarsa Lalla. Karon farko da ya matsa wa Dela wuri a benci, ta ƙi zama. Karo na biyu ta zauna amma ta rungume jakarta. Aka jima ana haka har ta gano mutumin nan ba shi da wata manufa, haka Allah ya yi shi, kuma wannan ya ba ta mamaki fiye da komai. Da ya aiko neman aurenta ta yi bincike har zangonsu, ta rasa abin kamawa, ta amsa.

Kafin a ɗaura, majo, shugabar likitar, wata matashiya mai suna Nasiba, ta kira su ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta ajiye gwangwani biyu a kan tebur.

“Inna Dela, Baba Alhusaini, ku saurara da kyau,” in ji ta. “Sunan ciwonku guda na, amma ƙwayar cutar iri biyu ta, awa gero da dawa. Taki, Inna, ita aka kira ta ɗaya. Ita ta cika duniya, tana da saurin kamu, tana da saurin kada mutum. Tashi ita ta ta biyu, an hi samunta can bakin teku, Kwaddabuwa da su Gine. Sannu takan tahi, mutum shi yi shekaru da ita bai sani ba, kuma ba ta cika kama mata ko ɗiya ba. Shi ya sa matatai da ɗiyanai dut sunka tsira. Amma taurin kai gare ta. Ƙwayag ga guda da kike sha, Inna, ba ta jin ta. Nashi magani daban na. Kar ku yi musaya, ko da wasa.”

Alhusaini ya ce to. Dela ma ta ce to, amma idonta yana kan gwangwanin nasa, wanda ya ninka nata girma.

Auren ya yi daɗi, wannan kam ba mai musu. Shi ba ya faɗa, ita ba ta gajiya da faɗa, sai zaman ya daidaita. Yakan kawo mata ganyen albasa daga lambu ba tare da ta roƙa ba, ita kuma ta hana dillalai su cuce shi. Da yamma ya soya mata kifi irin na Abijan, ta ci tana cewa man ya yi yawa. Mace ce da ba ta taɓa sakin jiki da kowa ba, ga shi tana shekara arba'in da wani abu ta saki jiki da mutum guda, kuma ta so shi so mai tsanani, irin na wanda ya daɗe bai samu ba.

Abin da ya hana ta sukuni maganinsa ne. Nata ƙwaya guda, ta haɗiye ta kwanta. Nasa manyan ƙwayoyi ne ruwan ɗorawa, safe da yamma, ga wata ƙarama a kai, kuma suna ɓata masa ciki. Zawo ya zame masa abokin zama. Yana cikin ban-ruwa sai ya yar da guga ya ruga bayan kara. Abin da ya fi ci masa rai shi ne alwala ba ta zama. Shi mutum ne na sahun farko, tun yana Abijan, ga shi yanzu sai ya raɓe a sahun baya kusa da ƙofa don ya sami hanyar fita.

Dela ta zauna ta auna maganar majo, ta ga ba ta shiga ba. An ce cutarsa ce mai sanyi, tata ce mai zafi. To ina aka taɓa ba ƙaramin ciwo babban magani? An ce ya yi shekaru da mace, ta haifa masa 'ya'ya, ba wanda ya ɗauka. To wace irin sida ce wannan? Ita dai a saninta sida sida ce, ta gan ta da idonta a jikin Hassan. Sai ta ɗora nata lissafin: ragowar magani ne na Nasara, wanda ya kusa lalacewa, aka rasa inda za a zubar, aka ƙirƙiro wata cuta ta biyu don a ɗura wa waɗanda ba su da kowa. Wa ya fi Alhusaini dacewa? Mutumin zango, ba ɗa a gaba, ba dangi a gari, ko an taka shi haƙuri zai ba da. Tana kai nan ta ji komai ya zauna daram, kuma ranta ya ɓaci ƙwarai.

Ba ta yanke hukunci ba sai da ta gwada, don Dela ba ta aiki da ka. Ta daka rabin ƙwaya ta cuɗa da tsaki ta ba zakaranta. Zakara ya yini fukafukai a ƙasa, ko cara bai yi ba. Shi ke nan ta sami shaida. Ba wanda ke kusa da zai gaya mata cewa kowane zakara aka ɗura wa maganin ƙaton mutum haka zai yi, ko da na ciwon kai ne, kuma da an gaya mata ma sai ta tambayi mai faɗin nawa aka biya shi.

Wata Juma'a abin ya kai maƙura. Liman na cikin huɗuba, cikin Alhusaini ya murɗa, ya tashi ya ratsa mutane, bai kai ba. Ya dawo gida ta bayan gari, ya shige ɗaki, ya ƙi cin abinci. Dattijo mai furfura ya zauna yana share ido da gefen rawani. Dela ta wanke tufafin ta shanya. Da la'asar ta ɗauko gwangwanayen biyu ta zauna gabansa, ta tura masa nata, ta jawo nasa.

“Malam, daga yau kai ka shan wagga, ni in sha taka.”

“Dela, majo ta hana.”

“Majo ba ita ka wankin wandonka ba.”

Ya juya gwangwanin a hannu. Can ya ce, “In ta cuce ki hwa?”

“In ta kashe ni ka san gaskiyata. In ba ta kashe ni ba, cikina ya hi naka ƙarhi. Ni da na ɗauki dutse a ka, ƙwaya za ta gagare ni?”

“Ta ce tawa cutar ba ta jin taki.”

“Haka za ta ce mana! Mi kaka so ta ce? Ta ce maka ragowa muka ba ka?”

Alhusaini bai iya jayayya ba, kuma a gaskiya ya gaji. Ya ɗauki ƙwayar ya haɗiye.

Kwanakin farko ya yi ta mafarkai da jiri, daga baya suka wuce. Cikinsa ya tsaya. Ya fara cin tuwo da hannu biyu, kumatunsa suka ciko, ya koma sahun farko ya kafe. A shekarar albasarsa ta yi kyau har ya sake rufin ɗaki. Dela ce ta gaji zawon. Ta dinga jiƙa sabara tana sha, ta daina fura da rana, ta koyi zama kusa da hanyar fita a kasuwa. Ko a jikinta. Duk lokacin da ta ruga bayi takan ce a ranta, ga abin da suka so su kashe shi da shi. Kuma ba ta taɓa jin daɗin wahala kamar wannan ba, don tana ganin kowace rana ita ke karɓar masa duka.

Abin da ba ta sani ba, kuma an gaya mata ta ƙi ji, shi ne manyan ƙwayoyin nan suna kama cutar iri biyun duka, saboda haka ita tana cikin tsaro. Ƙwayar tata kuwa haɗin magani uku ce. Biyu suna ɗan taɓa cutar Alhusaini, na ukun, wanda shi ne ƙarfin haɗin, ko gezau ba ya sa ta. Cutar ta sami sarari, tana tafiya sannu yadda ta saba, tana koyon kauce wa sauran biyun. A likita ma abin bai fito da wuri ba. Awon da ke ƙidaya ƙwayar cuta a jini an yi shi ne don iri na ɗaya, na Dela yakan fito tas. Na Alhusaini sai dai a duba ƙarfin jininsa, abin da majo ke kira sojojin jiki, su kuma a hankali suke raguwa. Nasiba ta tambaye shi ko yana tsallake magani. Ya ce a'a, Dela ta zazzage mata gwangwani wayam a kan tebur ta ce ta duba da kanta.

Damina ta biyu bayan musayar ya fara sanyi. Guga ta yi masa nauyi. Bakinsa ya yi fari fat, haɗiya ta zama aiki, sai tari, sai zazzaɓin yamma. Dela ta ga irin ramar da ta sani. Nan take ta shiga neman wanda ya yi masa.

Ta fara da maƙwabcin lambu, wanda suka taɓa sa-in-sa da Alhusaini a kan iyaka. Ta hana a sha ruwan rijiyar fadama, ta dinga ɗauko na famfo daga nesa. Ba sauƙi. Ta koma kan majo, ta ce wataƙila ta gane an guje wa tarkonta, ta sa wani abu a allurar ɗibar jini. Daga ƙarshe ta sauka a kan Lalla, baiwar Allah da ke tako ƙasa daga zango duk mako da ƙwaryar fura da nonon akuya don wanta. Rannan Lalla ta ajiye ƙwarya, Dela ta ɗauka ta kai bakin zaure ta tuntsurar a ƙasa.

“Dela, mi na yi miki?”

“Ke kin sani. Dut randa ya sha hurarki, kwana shikai tari.”

“Wana na hwa! Ciki guda munka hito!”

“Lambun ma ai ciki guda za a raba shi.”

Lalla ta tsaya tana kallon furar tana bin ƙasa, ta ɗauki ƙwaryarta ta juya tana kuka. Alhusaini yana ji daga ɗaki, ya kira sunan Dela sau ɗaya, muryar ba ta fita ba. Tun daga ranar Lalla ba ta sake taka gidan ba sai da aka aika mata.

Duk wannan bincike, ko sau ɗaya Dela ba ta dubi gwangwanin da ke ƙarƙashin gadonta ba. Mutum ne ya warke a gabanta da wannan ƙwaya, ta ga kumatunsa, ta ga albasarsa. Ta zargi rijiya, ta zargi allura, ta zargi ƙwarya, ta bar abin da take miƙa masa da hannunta kullum bayan isha.

Ranar karɓar magani ta je ita kaɗai, don Alhusaini ba ya iya hawa moto, wato babur. Tana zaune a benci sai wata farar mota ta tsaya a ƙofar baya. Alhaji Bashiru ya fito, babban dillalin albasa wanda manyan motocinsa ke kai kaya har Abijan, mutumin da ko mai gari sai ya miƙe masa. Bai bi layi ba, ya shiga ya fito. Wajen saka wani gwangwani a aljihun babbar riga sai ya suɓuce ya faɗi, ya gangaro har ƙafar Dela, murfin ya buɗe. Manyan ƙwayoyi ruwan ɗorawa suka watse a ƙasa.

Ta durƙusa ta taya shi tsincewa. Ya dube ta, ya gane ta, ya san ita ma 'yar benci ce, sai ya yi murmushin kunya.

“Alhaji, kai ma wagga suka ba ka?”

“Ita ta, Dela. Na daɗe bisa gare ta. Tsarabar bakin teku ta.”

“Ba ta ɓata maka ciki?”

“Tana yi. Har Yamai na tahi wurin babban likita in ga ko kuɗɗi na sawo wata, ya ce irin tawa cutar ita ɗai ta ka riƙe ta. Ki riƙe min asiri.”

Ya shiga mota ya tafi, ƙato da shi, wuya kamar na sa. Dela ta koma benci ta zauna. Idan ragowa ce ta marasa galihu, me take yi a aljihun Alhaji Bashiru? Ta juya maganar ta kowane gefe tana neman inda za ta kama, ta rasa. Karon farko a rayuwarta zargi ya zagayo ya tsaya a kanta, kuma ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka duba mata jini.

Da layi ya zo kanta ta shiga ta zauna, ta ƙi kallon majo.

“Majo, wata mata ta a garinmu. Ita da mijinta awa mu. Sai ta ba shi nata, ta sha nashi. Mi ka hwaruwa?”

Nasiba ta ajiye abin rubutu. Ta matso da kujera kusa da ita.

“Inna Dela, tun yaushe?”

Dela ta buɗe baki za ta ce ba ita ba ce, sai ta fasa. Ta ce, “Damina biyu.”

Nasiba ta dafe kai. Ba ta yi faɗa ba, kuma Dela ta so a ce ta yi. Ta tashi ta sa aka nemo mota, a ranar aka ɗauko Alhusaini aka kai shi babban asibiti. Aka mai da shi kan manyan ƙwayoyinsa, aka ƙara da maganin tarin fuka, don shi ma ya sami shiga. Likitan ya ce za su yi iyakar yinsu, amma cutar ta riga ta saba da rabin makamansu, kuma iri na biyu dama magungunanta kaɗan ne.

Ya ɗan farfaɗo, har aka sallame su suka dawo gida lokacin girbi. Dela ta aika aka kira Lalla, ta durƙusa ta ba ta haƙuri. Lalla ta ce ta ji, ta wuce wurin wanta. Wata safiya suna zaune a inuwar rumbu, yana jingine da buhun gero, Dela ta kasa riƙewa.

“Malam, ni na kashe ka.”

“Ke kika ba ni, ni na haɗe. Kunnena biyu ranar da majo ta yi magana.”

“Don mi ba ka ƙi ba? Don mi ba ka buge min hannu ba?”

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi, ta riƙe shi har ya lafa.

“Wa ya taɓa ƙin maganarki ya kwana lahiya? Kuma na so, Dela. Shekara biyu ina sallah sahun gaba, ba ni tsoron cikina. Ban san akwai mai ɗaukar min ciwo shi sa a nashi ciki ba sai ke. Ki bar kuka, ki kawo min ruwa.”

Ta kawo masa. Bai kai dashen albasa ba, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, kansa a cinyar Lalla, Dela tana riƙe da ƙafafunsa.

Ta yi takaba ta fita, ta koma kan buhunta a kasuwa. Lambun ta bar wa Lalla da 'ya'yansa, ko kwandon ganye ba ta nema ba. Majo ta bar ta a kan manyan ƙwayoyin, tunda jikinta ya riga ya hau kansu, ita ma ba ta roƙi a sauya mata ba. Mutane sun ce tun rasuwar mijinta bakinta ya ragu. Zargin dai yana nan, ba a raba ta da shi, sai dai yanzu takan yi shiru da shi.

Bayan shekarar da aka rufe masallatai saboda korona, ta je karɓar magani, Nasiba ta miƙo mata wani ɗan ƙaramin gwangwani da ba ta taɓa gani ba.

“An sake magani, Inna. Ƙwaya guda ta, sau guda a yini, kuma ba ta ɓata ciki awa waccan. Kin huta.”

Dela ta juya shi a hannu, ta girgiza, ta kai hanci. “Na masu ta ɗaya na?”

Nasiba ta so ta kauce, ta ga ba hanya. “Na kowa na. Wagga tana kama ta ɗaya, tana kama ta biyu. Yanzu magani guda muka ba kowa.”

“Har irin ta Malam?”

“Har ita.”

“Da shina nan, ni da shi gwangwani guda?”

“Guda, Inna.”

Dela ta ɗago ido, tsohon halin ya motsa. “Kun daɗe da ita kunka ɓoye.”

“Wallahi ba mu ɓoye ba. Bana ta iso mana.”

Ta dube ta sosai, irin duban da take yi wa dillalai, tana neman ƙarya a fuskarta, tana ma fatan ta samu. Ba ta samu ba. Ta ɗaure gwangwanin a gefen zane ta fito, ta zauna a bencin nan, layi yana wucewa ta gabanta. Wata mata ta tambaye ta ko ta riga ta karɓa ne, ta matsa mata. Dela ta ce ta karɓa, amma a bar ta ta ɗan zauna, kasuwa ta jira tukuna.